Damagaram, Yamai ko Kano: ina mai sana'ar kwamfuta zai kafa kansa?

Duk shekara jami'ar André Salifou da makarantun koyon sana'a na Damagaram suna yaye matasan da hannunsu ya faɗa da kwamfuta. Wani gyaran waya ya ƙware, wani haɗa rezo, wani zanen talla da tace bidiyo, wani kuma rubuta manhaja. Da takarda ta shiga hannu sai shawara ta rabu uku. Iyaye su ce zauna gida, abokan makaranta su ce Yamai ake yi, ɗan kawu da ke fatauci ya ce ga Kano kusa. Wannan rubutu na wanda ke tsakiyar wannan ja-in-ja ne, yana da ɗan jari ko yana sa ran samu, kuma ba zai iya raba shi gida uku ba.

Abin da za a auna

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi: wa zai biya ka, kuma bayan kwana nawa? Gari yana iya cika da benaye da fitilun titi amma babu mai sa hannu a aljihu saboda aikinka. Na biyu kuɗin farawa da kuɗin zama, wato haya, abinci, sufuri da farashin kayan aiki. Na uku wuta da intanet, don kwamfutar da ba wuta ba ta da maraba da faranti. Na huɗu sauƙin shiga: takardu, harshe, da sanin mutane. Na biyar ɗorewa, ta kayan aikin da ta kasuwar kanta. Na ƙarshe haɗari, abin da zai iya rufe maka shago dare ɗaya ba tare da laifinka ba.

Yamai

Tun da Turawa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram suka kai bakin kogin Kwara a 1926, can sa hannu ya koma. Ma'aikatun ministoci, manyan ofisoshin bankuna, hedikwatar Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms, hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, hukumar ANSI mai tafiyar da harkar fasahar zamani ta gwamnati, duk a Yamai suke. Cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN can aka buɗe ta a 2014. Babbar ma'ajiyar bayanai ta ƙasa, wadda ke cikin aikin wayar fiba mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, ita ma a Yamai aka aza ta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan ɗaya a birnin, kuma tun lokacin unguwanni sai faɗaɗa suke. Gada ta uku, mai sunan Seyni Kountché, an buɗe ta a 2021. Filin jirgin Diori Hamani an sabunta shi don taron Tarayyar Afirka na 2019.

Saboda haka mai biya da yawa yana nan. Idan aikinka gina manhajar lissafin albashi ne, ko tsare rezon banki, ko kula da na'urorin ma'aikata, masu buƙatarka kusan duk suna cikin ƴan unguwanni kaɗan na Yamai. Kwangila guda mai kyau tana iya fin abin da shagon Damagaram zai tara a wata shida.

Amma a duba yadda kasuwar ta sauya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kafin nan, ƙungiyoyin agaji da ayyukan da ƙasashen waje ke ɗaukar nauyi su ne kwastomomin da ƙananan kamfanonin kwamfuta suka fi so, don suna biya da kyau kuma a kan lokaci. Da yawa sun tsayar da aiki ko sun rage. Ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024, a 2025 kuma Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta USAID a duniya baki ɗaya. Abin da ya rage da ƙarfi shi ne gwamnati, wadda ke maganar sake gina ƙasa da dogaro da kai, tana son takardun shaida na zamani da tattara haraji ta na'ura. Aiki ne na gaske, sai dai kuɗin gwamnati ko'ina ba sa fita da gaggawa. Wanda bai da ƙarfin biyan ma'aikata da haya na tsawon watanni yana jiran a biya shi, kwangilar da ya yi murnar samu ita za ta durƙusar da shi. Kuma kafin a saurare ka sai kana da rajistar kasuwanci, lambar NIF ta mai biyan haraji, shaidar cewa ba a bin ka haraji, da ayyukan baya da za ka nuna. Sabon yaro da kwamfuta ɗaya a jaka yawanci ƙarƙashin wani kamfani yake fara ɗaukar aiki.

Kuɗin zama shi ne babban ciwon. Mafi ƙarancin albashi a hukumance sefa 42,000 ne tun 2024, kuma a unguwannin da ke kusa da ofisoshi haya kaɗai tana iya lashe wannan ta nemi ƙari. Masu gida suna neman kuɗin watanni a gaba. Idan ka gudu gefen gari don arha, kuɗin taksi ko na man babur zai cinye rarar. Kayan aiki ma sun yi tsada tun da iyakar Benin ta ƙi buɗewa, kaya suna zagayowa daga Lome ta Burkina.

Wuta ta fi ta gida dama-dama. Akwai tashar Goru Banda, an kuma ƙara mata gonar sola mai megawat 30 a 2023. Duk da haka a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, ana ɗauke wuta a Yamai kamar ko'ina, kuma madatsar Kandaji da aka daɗe ana jira ba ta kammala ba. Intanet kam nan ya fi samuwa, fiba har cikin ofis a tsakiyar gari. Harshe ba matsala ba ce a kasuwa, Hausa tana ci, amma a ofis Faransanci ne, a unguwa kuma wanda ke jin Zabarmanci ya fi ka saurin samun shiga. Sai nisa: kusan kilomita 900 ta Maraɗi, Ƙonni, Dogondutsi da Doso. Yini ne cur a mota. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta taso a gida, za ka gane nisan.

Damagaram

A nan nake zaune, kuma ina ganin ana raina kasuwar garin nan fiye da yadda ta cancanta. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, mutum sama da miliyan uku da rabi. Mirriya, Matamai, Magariya, Gure, Tanut, duk nan suke zuwa idan waya ta lalace ko ana son buga takarda mai kyau. Ga ɗaliban jami'a da kundin kammala karatu, ga masu neman shiga gasar ɗaukar aiki, ga makarantu masu zaman kansu da har yanzu suke lissafin kuɗin makaranta a littafi, ga kantunan magani, ga manyan ƴan kasuwar Dole da Zango waɗanda bashin da suke bi yana cikin kansu ne kawai ko a bayan kwali. Ga matatar mai ta SORAZ da ke aiki tun 2011, da masu yi mata hidima.

Waɗannan mutane ba sa biya da yawa, amma suna biya yau. Wannan bambanci ne da sabon mai sana'a ya kamata ya riƙe da kyau. Jika biyu, jika biyar, hannu da hannu ko ta Nita da Amana, kafin magariba ka san abin da ka samu. Wahalar ita ce shawo kansu. Alhajin da ya shekara talatin yana ciniki ba kwamfuta ba zai saya maka manhaja don ka ce masa zamani ya zo ba. Zai saurare ka ranar da ka nuna masa buhu nawa suka ɓace tsakanin sito da shago. Kuma akwai cutar gida, wato "ai ɗanmu ne". Za ka gyara wayar gwaggo, ka buga katin bikin ɗan maƙwabci, a sa maka albarka a tafi. Wanda bai iya cewa "Baba, kuɗin kaya dai a taimaka" cikin ladabi ba, jarinsa zai ƙare a zumunci.

Kuɗin farawa nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kana kwana a gidanku, kana cin tuwon gidanku, hayar shago ba ta kai ta Yamai ba. Kayan gyara daga Kano suke shigowa, tafiyar da ba ta kai kilomita 250 ba. Lambar NIF da fatanti a nan ake yin su, ba sai ka je Yamai ba.

Wuta ce raunin. Garin ya daɗe yana dogara da layin da ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da Najeriya ta yanke wutar a Agustan 2023, ba ta dawo da ita ba sai Maris 2024. Don haka duk lissafin jarin da bai ƙunshi sola da batir ba, lissafin banza ne. Janareta tana taimakawa, an ma rage litar fetur daga 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma shagon da ke rayuwa kan jika-jika ba zai iya shan mai kullum ba. Gara ka sayi kwamfuta ɗaya da sola mai kyau da ka sayi kwamfuta uku ka zauna kana kallonsu. Batir kuma zafi ke kashe shi da wuri, ƙurar hunturu tana toshe fanka da na'urar buga takarda. A nemi ɗaki mai iska, a rufe kaya da ƙyalle, a share su a kai a kai. Wannan ya shafi garuruwan uku, amma nan gyara ya fi nisa idan babbar na'ura ta tsaya. Matsalar ruwan garin, wadda kakanninmu ma sun san ta, ba ta taɓa kwamfuta kai tsaye, sai dai tana cin lokaci da kuɗin gida.

Intanet shi ne inda tazara ta ragu sosai. Wayar fiba ta daɗe da isowa, aikin mai ratsa Sahara kuma ya haɗa da reshen da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Magariya zuwa iyakar Najeriya. Daga Maris 2025 Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma. Na'urarsa ta ɗaruruwan jika ce, ga kuɗin wata, amma shaguna biyu ko uku da ke jere suna iya haɗa kai, kuma gudunsa a Birni daidai yake da gudunsa a Plateau na Yamai. Mai zane ko mai tace bidiyo zai iya aika aikinsa ko'ina daga nan. Abin da intanet bai kawo mana ba shi ne mai sa hannu kan kwangila. Gyaran da aka yi wa garin a shirin Zinder Sabuwa na bikin 18 ga Disamba 2018 ya ba mu tituna da gine-gine, amma shawarar kashe manyan kuɗi har yanzu a Yamai ake yanke ta.

Akwai wata dama da ban ga matasa sun kama da hannu biyu ba. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ayyanawa ba ta sa kuɗi a aljihun kowa, gaskiya ne. Amma yawancin masu riƙe da waya a karkararmu saƙon murya suke turawa a WhatsApp, ba rubutu ba, kuma duk mai son ya isar musu da bayanin farashin gero, ko na rigakafi, ko tallan taki, sai ya nemi wanda ya iya shirya sauti da bidiyo cikin Hausar da suke ji. Ɗan Damagaram ba ya buƙatar tafinta a wannan aiki.

Kano

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kano ta fi garuruwan biyu girman kasuwa, ba ma a haɗa su. A kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut za ka ga gyaran da a nan ake cewa ba ya yiwuwa, ka ga allo da batir na kowace irin waya, a farashin sari. Ƴan kasuwar Kantin Kwari da Singa sun saba da tura kuɗi ta waya, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma OPay da Moniepoint sun shiga har wurin mai shayi. Masana'antar fim da waƙa ta sa masu tace bidiyo da sauti sun yi yawa kuma sun goge. Harshe ɗaya, addini ɗaya, kuma da wuya Badamagare ya rasa ɗan'uwa a Fagge ko Kurna.

Wannan yawan shi ne kuma matsalar. Duk abin da ka iya, akwai mutum ɗari da suka iya shi a layi ɗaya, riba ta zama siririya. Takardarka ta Faransanci ba ta buɗe ƙofar ofis, can Ingilishi ake so. Layin waya sai da lambar shaidar ƙasa ta NIN, asusun banki sai da lambar tantancewa ta BVN, baƙo kuma sai ya bi hanyarsu kafin ya samu. Wuta ba ta fi tamu ba: a Afrilun 2024 an ninka kuɗinta sama da sau uku ga unguwannin da aka fi ba wuta, a Oktoban shekarar kuma arewacin Najeriya ya kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata manyan layuka. Ƙwacen waya abu ne da Kanawa da kansu suke kuka da shi.

Haɗari biyu sun fi sauran. Na farko naira. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Mai sayen kaya da sefa a Kano ya ci riba, mai tara naira yana turo wa gida ya sha kashi. Na biyu iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Ana shige da fice yanzu, amma wanda ya kafa iyali da jari a ƙetare ya san siyasa ce ke riƙe da makullin. Jirgin ƙasan da ake ginawa daga Kano ma Maraɗi ya nufa, ba nan ba.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Damagaram | Yamai | Kano |
|---|---|---|---|
| Mai biya | ɗalibai, ƴan kasuwa, makarantu. Kaɗan amma nan take | gwamnati, bankuna, kamfanoni. Da yawa amma da jira | jama'a birjik. Riba kaɗan a kan kowane aiki |
| Haya da zama | mafi sauƙi | mafi tsada | tsaka-tsaki, ya danganta da mai masauki |
| Kayan aiki | daga Kano, kusa | akwai, da tsada | mafi arha da yawa |
| Wuta | sai da sola | ta fi dama, bazara da wahala | da tsada, ba tabbas |
| Intanet | ya wadatar, in an kashe kuɗi | mafi kyau a ƙasa | mai kyau |
| Sauƙin shiga | kowa ya san ka | takardu, Faransanci, sanayya | takardun baƙo, Ingilishi |
| Ɗorewa | a hankali, amma da saiwa | tana bin siyasa da kasafin kuɗi | tana bin naira da iyaka |
| Babban haɗari | aikin kyauta, kasuwa mai iyaka | jiran biya, haya | faɗuwar naira, rufe iyaka |

Wani haɗari bai shiga jadawalin ba don ya shafi Damagaram da Yamai daidai. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a Yunin 2024, ta dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ke iya tada hankalin jama'a. Mai tafiyar da shafin wani a Facebook ko TikTok, ko mai tace bidiyon da aka kawo masa, ya karanta abin da zai wallafa kafin ya danna.

Wa ya dace da ina

Mai gyaran waya da kwamfuta, ka je Kano ka koya, shekara ɗaya ko biyu a hannun ƙwararre, ka san dillalan da ba sa haɗa ka da jabu, sannan ka dawo ka buɗe a gida. Can hannu ke gogewa, nan kuma ake da ƙarancin gwanaye. Ajiyarka ta kasance da sefa.

Mai buga takardu, rajista ta intanet, zanen kati da allon talla, ba abin da zai kai ka Yamai sai asarar kuɗin haya. Nemi wuri kusa da jami'a ko bakin kasuwa, ka fara da sola, ka rubuta farashi a bango yadda gwaggo ma za ta gani.

Mai rubuta manhaja, mai tsaron rezo, mai son aikin banki ko kamfanin sadarwa, Yamai ce, kuma da wuri. Amma ka tafi a matsayin ma'aikaci tukuna, da wurin kwana da aka riga aka tabbatar, da kuɗin da za su riƙe ka wata uku ko babu albashi. Kamfanin kanka ya jira sai ka san wanda ke biya da wanda ke sa a yi ta sintiri.

Mai shirya sauti da bidiyo cikin Hausa, zauna Damagaram, ka saurari yadda Kanawa ke aiki, ka riƙa leƙa Yamai lokaci-lokaci da samfurin aikinka a hannu, don masu ba da irin wannan aiki suna son su ga fuska kafin su amince. Bayan haɗuwar farko, sauran ta waya ake ƙarasawa.

Ƙanwata da iyaye ko maigida ba za su bari ki yi nisa ba, zane, lissafin shaguna, tallan kaya ta WhatsApp da koyar da ƴan mata kwamfuta duk ana yin su daga ɗaki. Kuɗin da za ki kashe a mota da haya, ki sa su a batir mai kyau da layi biyu na kamfanoni daban, idan rezon ɗaya ya faɗi ki koma ɗayan.

Wanda kuma yake da mata da yara da tsofaffi a wuyansa, kada ya kwashe su zuwa ko'ina a shekarar farko. Ya tafi shi kaɗai in tafiyar ta zama dole, ya bar shagon gida a buɗe a hannun ƙane, ya ga ko abin da ke shigowa can ya kai ya riƙe gida biyu.